Takalmin da Ya Ƙi Fita a Ƙofar Hakimi

Jikokina sun matsa mini, wai tunda na taɓa zama malami, in rubuta musu wani abu na ilmi kafin ido ya ƙarasa tafiya. Na zauna na binciki kaina, na tarar ilmin da ke ciki bai fi cikin ludayi ba, shi ma rabinsa ya tsiyaye. Amma akwai fanni guda da na ƙware a kansa, wanda ban ji an ce ana koyar da shi a jami'a ba, wato ilmin takalmi. Da fatar ƙafata na biya wannan karatu, saboda haka kada wanda ya yi dariya sai na ba da izini.

Zamanin Turawa ne, bayan sun gama yaƙinsu sojoji sun dawo gida. Muna wani ɗan ƙauye a gefen Kaikai. Ni na ɗan leƙa elementare a Kankia, na iya haɗa baƙi da wasali, kafin Baba ya ce gona ta fi bukatata ya janye ni. Wannan ɗan leƙen ya sa ake kallona a ƙauyenmu kamar alƙali. Sai mai gari ya zo da labari cewa En'e, wato hukumar gargajiya, za ta buɗe ajin koya wa manya karatun boko a yankinmu, ana neman malami guda. Mu biyu aka kai sunanmu, ni da wani saurayi ɗan gidan malamai daga Kusada. Za a gwada mu a Kankia, a zauren hakimi, domin nan Baturen makaranta zai tsaya a kan hanyarsa.

Ba wasa ba ne a wurina. Daminar da ta wuce ba ta yi mana kirki ba, rumbu ya yi ƙasa tun kafin bazara, matata kuma tana da ciki na fari. An riga an gama magana a gida: in na samu aikin, na zauna, in ban samu ba, in bi samarin da ke tafiya haƙar kuza can kudu, inda wasu ke dawowa da tari, wasu kuma ba su dawowa. Baba, wanda bai taɓa roƙon kowa kome ba, shi da ƙafarsa ya je ya durƙusa wa mai gari don a sa sunana.

A nan taubashina ya shigo cikin al'amarin, ɗan yayar Baba ne. Ya je yaƙin, ya dawo da tsohuwar rigar kaki da labarai masu yawa. Kofur muke ce masa, ko da yake har ya koma ga Allah ba wanda ya ga shaidar wannan muƙami. Ya ishe ni ina ta maimaita baƙaƙe a ƙasa da tsinke, ya tsaya yana kallon ƙafafuna kamar mai taya saniya.

"Malam Boko, da waɗanne ƙafafu za ka je?"

"Da nawa mana. Ko naka za ka ara mini?"

"Waɗannan faya-fayen?" Ya girgiza kai. "Bawan Allah, Bature ba shi kallon fuska. Mu da muka zauna da su mun sani. Daga ƙasa shike fara karanta mutum. In ya ga faso ya gama da kai, ko da ka haddace littafinsu duka."

Baba yana gefe yana gyaran ƙotar fartanya. Bai ɗago ba ya ce, "Gaban hakimi ba a shiga da takalmi."

"Kawu, ai ba shiga zai yi da shi ba," in ji Kofur. "Bature shi ga takalmi a waje, hakimi shi ga ƙafa a ciki. Kowa ya samu nashi."

Inna ce ta ji zancen daga bayan danga, kashegari kuma ɗan akuyarta ya tafi kasuwa bai dawo ba.

To, darasi na farko, yadda ake zaɓen takalmi. A zamaninmu ƙafa ba ta zuwa kasuwa. Kara ake aikawa. Mutum ya taka ƙasa, a ɗauko karan dawa a gwada daga dunduniya zuwa babban yatsa, a yanke, a ba mai tafiya birni. Haka muka yi da sassafe, Kofur ya yanke karan da kansa, har yana ƙanƙance ido kamar mai saita bindiga. Muka ba wani mai fataucin fata da ke zuwa Kano, aka ce masa ya sayo baƙi, mai igiya, irin na Turawa. Abin da ba wanda ya tuna shi ne, kara ya san tsawo amma ba ruwansa da faɗi. Ƙafar manomi kuwa, wadda ta girma tana taka kunya da ƙaya ba shamaki, yatsunta kowane da hanyarsa yake bi, kamar 'yan uwan da suka raba gado.

Takalmi ya iso ana sauran kwanaki. Ban taɓa ganin abu mai kyau kamarsa ba. Yana sheƙi, yana ƙamshin kanti. Yaran ƙauye suka kewaye shi, wata tsohuwa ta tambaya ko ana iya ajiye goro a ciki. Na sa ƙafa, yatsu suka shiga, sauran ƙafar ta tsaya a waje tana sallama.

"Ya yi kaɗan," na ce.

"Takalmi ba shi yin kaɗan," in ji Kofur. "Horo ne bai samu ba. Mu ma haka muka shiga soja."

Darasi na biyu, horon takalmi. Kofur ya sa aka cika kowane da dawa, aka zuba ruwa, aka toshe baki da tsumma. Dawa ta kwana ta kumbura, ta tura fatar ta ɗan buɗe. Dole in faɗi gaskiya, wannan dabara ta yi aiki, ita ce kuma ta sa na yarda da duk abin da ya biyo baya. Inna ta kwashe dawar ta ba kaji tana mita. Ƙafa ta shiga, da ƙyar, amma ta shiga. Na yi taku daga ƙofar ɗaki zuwa rumbu, kowa ya ce tafiyata ta zama ta ma'aikaci. Ni dai na san abin da ƙaramin yatsana yake faɗa mini.

Darasi na uku, kula da takalmi. Ruwan ya sa sheƙin ya dushe, mu kuwa ba mu da man gogewa irin na kanti. Kofur ya ce man shanu da baƙin tukunya sun fi. Muka shafe shi ciki da waje har igiyoyin, muka rataye a tankar ɗaki don kada yara su taɓa. Ba mu yi shawara da ɓeraye ba. Ranar tafiya da asuba na sauko da shi, na tarar fatar lafiya, sai ɗan gatsa a baki, amma igiyoyin nan masu maiƙo an cinye su tas, sai guntaye a cikin huda.

Takalmi ba igiya, bakinsa a wangale, harshe a waje kamar na kare. Kofur ko a jikinsa. Ya shiga gidan maƙwabcinmu inda aka yanka akuyar suna, ya yanko zare biyu sirara daga ɗanyar fatar da aka shanya, ya cusa a aljihu.

"Wannan ta fi ta kanti. Ko giwa ka ɗaure da ita ba ta tsinkewa."

Wannan ma gaskiya ya faɗa.

Muka kama hanya mu huɗu, mai gari a kan jakinsa, Baba, Kofur da ni. Takalmi yana saɓe a kafaɗata cikin tsumma, domin ba mai hankalin da zai ɓata takalmi da tafiya. Bazara ce, zafi ya sauko tun hantsi, ƙasa kamar an zuba garwashi. Darasi na huɗu, wanda na sani daga baya: ƙafar da aka auna da sassafe tana hutawa, ba ita ce ƙafar da ta tako daga Kaikai zuwa Kankia ba. Ta biyun ta fi ta farkon girma.

A bakin gari akwai rijiya. Nan muka tsaya na wanke ƙafa. Mai gari da Baba suka yi gaba don su yi gaisuwa. Kofur ya shafa mini man shanu a dunduniya, na dafa bakin rijiya, ya yi ta turawa ina cije leɓe har ƙafa ta faɗa ciki. Sannan ya jiƙa zaren fatar nan har suka yi laushi kamar taliya, ya zura su huda-huda, ya taka gwiwata ya ja, ya ƙulla, ya sake ƙullawa a kai.

"Kofur, ka bar mini inda zan ja in kwance."

"Ɗaurin soja ne wannan. Kana so shi kwance gaban Bature ka faɗi? In lokaci ya yi ni zan kwance maka, kafin ka ce kwabo."

Muka isa ƙofar gidan hakimi. Inuwar bango duk manya sun cika ta, mu masu jira aka ce mu zauna a fili inda motar Bature za ta tsaya. Abokin karawata yana nan da faɗensa na fata, irin wanda ake zubarwa da girgiza ƙafa kawai. Muka gaisa da mutunci, kowa yana auna ɗan'uwansa. Kofur ya sa na miƙe ƙafafu gaba, cikin rana, don kada Bature ya wuce bai gani ba. Haka na zauna, takalmi yana shan rana, ƙafata tana bugawa a ciki kamar ana kiɗa.

Mota ta zo. Bature ya fito, ja wur, yana share wuya da hankici. Ya wuce ta gabanmu yana magana da tafintansa, ya shige zaure. Ko kaza ce a wurin da ta fi mu samun kallo.

"Ya gani," in ji Kofur. "Su da wutsiyar ido suke gani."

"To kwance mini," na ce.

Ya durƙusa ya kama ƙullin. Na ga yatsunsa sun tsaya. Ya sa farce. Ya sake sa farce. Duk wanda ya taɓa ɗaure ƙotar gatari ya san abin da ɗanyar fata take yi in an jiƙa ta aka bar ta a rana: ƙanƙancewa take ta bushe, ta koma kamar ƙashi. Mu duka biyu mun san haka tun muna yara. Ba mu dai taɓa tunanin takalmin Turawa ma yana bin dokar gatari ba.

Dogari ya leƙo ya kira ɗan Kusada. Ya girgiza ƙafa, faɗensa suka zube, ya shige.

"Wuƙa," na ce a hankali.

"Wa ke zuwa ƙofar hakimi da wuƙa? Na bar ta gida."

"Ruwa fa?"

Ya waiwaya. Rijiya tana can bakin gari. Ya tofa yawu a kan ƙullin, yawun ya bushe kafin ya kai hannu. Sai ya kwanta rub da ciki ya sa haƙori. Mutanen da ke inuwa suka daina hira. Wani dattijo ya ce, "Halan yunwa ce?" Daga ciki ina jin muryar ɗan Kusada yana karatu, tiryan-tiryan, ba gargada. Na gwada zare ƙafa haka nan, na ji kamar zan bar dunduniyar a ciki. Na tuna matata tana tsaye bakin danga da safe, hannunta a kan ciki.

Muryar ta tsaya. Ɗan Kusada ya fito, ya zura faɗensa, ya dubi Kofur a kwance, ya kau da kai. Har yau ina ganin girmansa saboda wannan kau da kan.

"Na Kaikai," in ji dogari.

Na miƙe. Tsakanina da ƙofar zaure ba nisa, amma a cikin wannan ɗan taƙin na auna duk abin da ke gabana. In na shiga da takalmi, na taka shimfiɗar hakimi, ba aikin kaɗai ya tafi ba. Baba ba zai sake ɗaga kai gaban mai gari ba, mai gari kuma ba zai sake kai sunan kowa daga gidanmu ba. In na tsaya, an ba ɗan Kusada. Dogari ya dubi ƙafata, ya dubi fuskata, ya gyara riƙon sandarsa.

Ban san wanda ya ba ni dabarar ba, ba Kofur ba ne dai. Da na kai dokin ƙofa sai na zube a kan gwiwa, na rarrafa ciki har inda gwiwoyina suka tsallake, na tsaya. Ni ina ciki, takalmi yana waje, inda doka ta ce ya tsaya. Na dafa ƙasa na yi gaisuwa.

"Ranka shi daɗe."

Zauren da duhu-duhu bayan hasken waje. A hankali na ga hakimi a kan shimfiɗarsa, Bature a kujera a gefensa, tafinta a tsaye, malamin hakimi da alƙalumansa, baƙin allo jingine da bango can ƙurya. Baba da mai gari suna zaune kusa da ƙofa, dab da ni. Baba ya dubi bayana sau ɗaya, ya mai da ido ƙasa.

Tafinta ya kawo mini littafi har inda nake, a zatonsa ladabi ne ya yi mini yawa. Na karanta. Na kai ƙarshen shafi, na ma gyara wuri guda da na yi tuntuɓe. Bature ya gyaɗa kai. Na fara jin kamar zan tsira. Sai ya yi magana, tafinta ya juya.

"Ya ce ka taso ka yi rubutu a allo."

Ban motsa ba.

"Matso mana, yaro," in ji hakimi.

"Ranka shi daɗe, nan ma ya isa."

"Hannunka zai kai allo daga nan?"

Bature ya dubi agogonsa, ya ce wani abu gajere. Tafinta ya ce, "Ya ce in wannan bai iya rubutu ba, a bar shi, na farko ya wadatar. Yana da sauran tafiya." Na ga Bature ya kai hannu ga hularsa.

A nan Baba ya yi magana, shi da ba a tambaye shi ba, a wurin da irinsa ba su magana sai an tambaye su.

"Allah shi ba ka nasara, ya iya. Ƙafarsa ce ke ɗaure."

Hakimi ya ɗan karkata ya leƙa bayana. Ya daɗe yana kallo. Ban ga dariya a fuskarsa ba, amma na ga gemunsa ya motsa.

"Wa ya ɗaure shi?"

Daga waje aka ce, a sanyaye, "Ni ne, ranka shi daɗe."

Hakimi ya ɗaga wa Bature hannu alamar ya dakata kaɗan, ya dubi malaminsa. Malamin ya zaro 'yar wuƙar da yake fiƙe alƙalami da ita, ya miƙa wa dogari. Dogari ya fita ya tsaya a kaina. Na ji zaren hagu ya tsinke, na dama ya tsinke. Ya kama dunduniyar hagu ya ja, Baba ya riƙe kafaɗuna daga ciki don kada a fitar da ni gaba ɗaya. Na hagu ya fita da wata ƙara da ba zan kwatanta ta a rubuce ba. Na dama ya ƙi. Dogari ya ja, Kofur ya kama ƙugun dogari ya ja, takalmi ya ce yana nan. Bature ya sake duban agogo.

Na miƙa hannu baya. "Ba ni wuƙar."

Na juya a zaune a kan dokin ƙofa, na sa tsinin a bakin takalmin, na tuna ɗan akuyar Inna, na tsarge fatar daga sama har yatsa. Ƙafa ta fito, ta yi fari-fari, da ƙuraje cike da ruwa, baƙin tukunya ya zana mata layi-layi. Wannan ita ce ƙafar da Bature ya gani. Wannan karon kam ya duba, da idonsa duka biyu.

Na taka zuwa allo ina ɗingishi. Tafinta ya faɗi jimla, na rubuta. Layin ya gangara kamar hanyar rafi, amma baƙaƙen sun cika, ba wanda ya ɓace. Aka ce in nuna yadda zan koya wa dattijon da bai taɓa riƙe alli ba. Na duba, dattijon da na fi sani a zauren shi ne Baba. Na durƙusa gabansa na sa masa alli a hannu, na riƙe hannun muka ja baƙi guda tare. Aka ce mu fita mu jira.

Muka zauna a waje. Kofur yana riƙe da takalman biyu a cinya kamar wanda aka ba gawa ajiya. Da aka daɗe, dogari ya kira Baba da mai gari. Ina jin muryar hakimi daga inda nake.

"Na Kusada ya fi shi karatu, za a kai shi wajen alƙali, can ake bukatar irinsa. Ajin manya kuwa ɗanka za a ba. Bature ya ce mai koya wa tsofaffi sai wanda ya saba da wahala." Sannan ya ƙara da cewa, "Shi kuma mai ɗaurin, a ce mishi ina da ɗan maraƙi da ke tsinke igiya kullum. Shi zo ranar kasuwa."

Kofur ya sunkuyo kusa da kunnena. "Ka ji ko? Ba don takalmin ba, da wa zai tuna da kai?"

Mai gari ya sauka daga jakinsa ya ce in hau, shi da Baba suka tako a ƙasa har gida. Ban je haƙar kuza ba. Ina gida aka haifi babban ɗana, uban wasu daga cikin masu matsa mini in yi rubutun nan.

Takalmin kuwa, badukun Kusada ya yanke bayansa, ya ɗinke tsagar, ya mai da shi abin da ake zurawa a zare. Na dama ya fi na hagu faɗi har ya ƙare, shi ne kuma bai taɓa cizona ba. Yanzu yaran nan suna kawo mini takalma daga birni a cikin kwali, su durƙusa su ce, "Kaka, sa mu gani ko ya shiga." Nakan sa. Amma ba na cewa na gode sai na tashi tsaye, na je bakin ƙofa, na girgiza ƙafa na ga ya fita.